Baƙar Giyar Imfiriyal Ta Yi Mini Ɗaci: Ta Lalace Ne Ko Ban Iya Sha Ba?

Tambaya: An ba ni kyautar ƙananan kwalabe biyu na wata baƙar giya, an rubuta Imperial Stout a jikinsu, ƙarfin barasa kashi 11 cikin 100. Na sa ɗaya a firji ta kwana, washegari na buɗe na kafa kai da sanyinta. Abin da na ji shi ne ɗaci kamar na tauna gawayi, da wani zafi a maƙogwaro irin na magani. Ga shi kuma masu yabonta suna ta zancen cakulan da gahawa da zabibi. Ta lalace ne, ko bakina ne bai iya ba? Ta biyun kuma, in shanye ko in ajiye?

Amsa: Ɗan'uwa, da wuya a ce ta lalace, kuma bakinka lafiyarsa ƙalau. Abin da ka kwatanta shi ne daidai abin da wannan giya ke ba duk wanda ya same ta da sanyin firji ya yi mata shan ƙishirwa. Ba don kashe ƙishi aka yi ta ba. Tana son ɗumi kaɗan, tana son lokaci, kuma kaɗan ake sha. In ɗaya daga cikin ukun nan ya rasa, gawayi da zafin nan da ka ji su kaɗai za su saura maka.

Kafin mu je ga yadda ake sha, gara ka san abin da ke cikin kwalbar. Kayan haɗinta ba su bambanta da na kowace giya ba: ruwa, tsiron sha'ir, furen hof mai ba da ɗaci, sai yis. Yawan ne ya bambanta. Mai dafa imfiriyal yakan zuba hatsi ninki biyu ko fiye na abin da zai zuba wa giya ta yau da kullum a ruwa iri ɗaya, sai ruwan tsiron ya fito da kauri, cike da sukari. Yis ya shiga ya yi ta cin sukarin yana mai da shi barasa, amma ba ya iya cinye shi duka. Akwai sukarin da ya fi ƙarfin yis, sannan barasar da shi kansa ya samar takan kai matsayin da take gajiyar da shi. Ragowar nan ita ce kaurin da ke manne maka a leɓe. Don kada zaƙi ya yi yawa har ya gundura, sai a loda mata hof. Jagoran da alƙalan gasar giya na ƙungiyar BJCP ke aiki da shi ya sa ƙarfinta tsakanin kashi 8 da 12, ɗacinta kuma tsakanin 50 da 90 a ma'aunin IBU. Farar giyar da aka saba gani ba kasafai take wuce 20 ba a wannan ma'auni. Kwatanta ƙarfin kuma da Guinness ta famfo, wato wadda ake tsiyayowa daga ganga a mashaya, wadda ita ma baƙa ce wuluk amma kashi 4.2 kawai gare ta. Baƙi ba shi ne ƙarfi ba, mutane da yawa suna ruɗewa a nan.

Baƙin daga gashi yake. Ana ɗaukar wani ɓangare na sha'ir ɗin a gasa shi a cikin ganga mai juyawa, a zafin da ya haura digiri 200 a ma'aunin Celsius, har ya koma launin gahawa ko ya fi. Wani Bature mai suna Daniel Wheeler ne ya yi rajistar wannan dabara a Ingila a 1817, kuma ita ta canza baƙar giya baki ɗaya: maimakon a dogara da tsiro mai ruwan ƙasa da aka busar a kan wutar itace, sai aka koma amfani da farin tsiro mai yawan sukari, a ɗan zuba baƙin don launi da garɗi. Har yau haka abin yake. Mafi yawan hatsin da ke cikin kwalbarka fari ne, gasasshen bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma ko ɗan sama da haka ba. A lokacin gashin, sukari da sinadaran furotin suna haɗuwa su haifar da ɗaruruwan sababbin sinadarai masu ƙamshi, abin da masanin nan na Faransa, Louis-Camille Maillard, ya bayyana a 1912. Irin wannan haɗuwa ce ke faruwa in ana gasa 'ya'yan gahawa da na koko. Saboda haka masu cewa suna jin cakulan da gahawa ba burga suke yi ba, kuma ba lallai ne an zuba ko ɗaya a ciki ba. Hanci ne ke gane dangi.

To me ya sa kai ba ka ji ba? Firji yana ajiye abu a wajen digiri 4. Ƙamshi kuwa ba komai ba ne illa ƙananan ƙwayoyi da ke tashi daga ruwa su shiga iska su iso hanci, kuma sanyi yana hana su tashi. Harshe ma yakan rage jin zaƙi in abu ya yi sanyi sosai. Ka ga an rufe ƙamshi, an danne zaƙin da aka ajiye musamman don ya tare ɗaci, an bar ɗaci da bauri suna cin karensu babu babbaka. Ga shi kuma ka sha daga bakin kwalba, inda hanci ba shi da rabo ko kaɗan. Sannan ka yi manyan kurɓi, barasa mai kashi 11 ta sauka maƙogwaro da yawa lokaci guda. Ko wace irin gwanar imfiriyal aka yi wa haka, abin da za ta bayar ke nan.

Inda ta fi buɗewa shi ne tsakanin digiri 10 da 14. Ba sai ka nemi ma'aunin zafi ba. Fito da kwalbar daga firji ka ajiye ta a tsaye kamar rabin awa, ƙasa da haka in ɗakin da zafi. Taɓa ta: in tana da sanyi-sanyi amma ba ta sa yatsa ya ƙage, ta yi. Gara ka fara tana ɗan ƙasa da inda ake so, domin za ta ci gaba da ɗumama a kofi, kuma wannan tafiyar daga sanyi zuwa ɗumi rabin daɗin ke nan. Kada dai ka bari ta yi ɗumi sosai. In ta wuce wajen digiri 18, barasa takan fito gaba ta rufe komai, zaƙin kuma ya yi nauyi.

Kofi: na gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki, mai ɗan gajeren ƙafa. Faɗin cikin yana ba ƙamshi wurin tashi, tsukakken bakin yana tara shi. In babu, kofin giyar inabi ya wadatar, ya fi dogon tambulan nesa ba kusa ba. Ya zama wankakke sarai, ba maiƙo ba ragowar sabulu, domin su ne ke kashe kumfa. Kada ka sa shi a firji, ƙanƙara kuwa kada ma ta zo kusa. Karkata kofin ka zuba a hankali ta gefe, in ya kusa rabi ka miƙe shi ka zuba a tsakiya don kumfa ta tashi kamar kaurin yatsa. Rabin kofi ya isa, sauran wurin na hanci ne. In ka hango laka a gindin kwalbar, yis ne da aka bari da gangan don giyar ta ci gaba da nuna a ciki. Ba ya cutarwa, amma ni nakan bar ɗan ƙarshen a kwalba, saboda yana dagula ɗanɗano.

Ɗaga kofin ka fuskanci haske. Tsakiyar ba za ta bar komai ya wuce ba, amma a gefe-gefe, inda ruwan ya yi siriri, za ka iya ganin ja mai duhu ko ruwan ƙasa. Kumfar ba fara ba ce, launin gahawa mai madara take, wani lokaci ta fi haka duhu. In ta kwanta da wuri kada ka zargi mai dafawa, barasa mai yawa ba ta shiri da kumfa. Juya kofin sau ɗaya ka ga yadda ruwan ke gangarowa a jikin gilashi a hankali, yana barin rini. Wannan yana gaya maka kauri da ƙarfi, ba ya gaya maka inganci.

Yanzu hanci, kuma a nan ne yawancin mutane ke yin gaggawa. Kada ka cusa hanci ka ja dogon numfashi, barasa za ta soke ka, ka ɗauki mintoci ba ka jin komai. Fara daga ɗan nesa, ka yi gajerun shaƙa biyu ko uku, bakinka a ɗan buɗe, sannan ka janye. Hanci yana saurin sabawa da ƙamshi ya daina kawo rahoto, don haka hutu tsakanin shaƙa yana da amfani. Bayan nan rufe bakin kofin da tafin hannu, juya shi a hankali na ɗan lokaci, buɗe ka sake shaƙa. Abin da ke fara zuwa galibi na gashi ne: gahawa, koko, ɓawon burodi da ya ɗan ƙone. A ƙarƙashinsa akwai na 'ya'yan itace busassu, zabibi, ɓaure, wani lokaci har da ceri baƙi. Waɗannan daga tsiron da aka dafa sukarinsa a cikin ƙwaya suke, da kuma sinadaran da yis ke fitarwa in yana aiki a ruwa mai kauri. Can ƙasa kuma, musamman in ta kwana biyu, akan ji ganyen taba, fata, ko baƙin ruwan rake. Ba dole ka ji duka ba, kuma kada ka takura kanka neman sunan da wani ya faɗa. In abin da ya zo maka shi ne wani ƙamshi da ka sani amma ka rasa inda ka san shi, to aikin ya fara.

Sai kurɓa. Ta farko ba a yanke hukunci da ita, domin baki bai shirya ba, kusan kullum tana zuwa da kaifi. Guntsi kaɗan, kamar cokali guda, ka bar shi ya zagaya harshe da ganɗa na daƙiƙa huɗu ko biyar, ka haɗiye, ka rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci. Wannan fitar numfashin shi ne sirrin. Akwai hanya daga bayan maƙogwaro zuwa hanci, kuma yawancin abin da muke kira ɗanɗano ta nan yake bi. Giyar ta ɗumama a bakinka, ƙamshinta ya tashi ta ciki. Cakulan ɗin da kake nema sau da yawa a nan yake ɓoye, bayan haɗiya, ba a kan harshe ba. Shi ya sa masu ɗanɗana giyar hatsi ba sa tofarwa kamar yadda masu ɗanɗana ta inabi ke yi. Abin da ke biyo bayan haɗiya yana cikin hukunci.

Abin da ka tara wuri guda ka kira ɗaci, a gaskiya abu uku ne ko huɗu, kuma ranar da ka iya raba su, ranar ka fara jin daɗin wannan giya. Akwai ɗacin gashi. Shi yakan zo da wuri, da garɗi a tare da shi, irin na baƙar gahawa marar sukari. Akwai ɗacin hof, wanda yake jinkiri, sai ka haɗiye yake tasowa, ya daɗe yana nan, wani lokaci da ɗan ƙamshin ƙaro ko ɓawon lemo, musamman a irin ta Amurka. Akwai bauri, wanda ba ɗanɗano ba ne ma, ji ne: baki ya bushe, harshe ya yi kaushi. Daga ɓawon gasasshen hatsi yake fitowa, kaɗan daga cikinsa yana tsabtace baki bayan zaƙi, da yawa kuwa aibi ne. Na ƙarshe shi ne zafin barasa. Barasa tana taɓa jijiyoyin nan da ke jin zafin barkono, ta sa su ɗauki ɗumin jiki kansa kamar zafi. In giyar ta yi kyau, abin da za ka ji ɗumi ne mai sauka ƙirji sannu a hankali. In yana yankan maƙogwaro yana warin fenti, to ko giyar ta yi ƙuruciya, ko an bar yis ya yi aiki cikin zafi fiye da kima har ya fitar da barasa masu nauyi.

A kurɓa ta uku ko ta huɗu ka tambayi kanka abu ɗaya: wa ke riƙe da wa? Zaƙi yana shigowa, ɗaci yana biyo shi ya tsayar da shi, ɗumi ya rufe baya. In bayan ka haɗiye bakinka ya rage da zaƙi mai danƙo har kana neman ruwa, zaƙi ya yi rinjaye. In ya rage da ƙauri kamar toka, gashi ya wuce gona da iri. In kuwa ka samu kanka kana jira, ba ka son sake kurɓa tukuna don abin da ke bakinka bai gama magana ba, to ka dace da mai kyau. A wurina tsawon wannan jiran shi ne ma'aunin imfiriyal, ba lambar da ke jikin kwalba ba.

Ƙaramar kwalba ta cancanci minti arba'in zuwa awa guda. Ba tsari ba ne na nuna isa, giyar ce ke canzawa. A farko gahawa da gashi ne a gaba. Can tsakiya, in iskar da ke cikinta ta ragu kuma ɗumi ya shiga, sai ta yi laushi, 'ya'yan itacen su fito. A ƙarshe zaƙi da barasa ke mulki. Ka ajiye ruwa marar sanyi sosai kusa, ka riƙa kurkure baki jefi-jefi.

Tun da za ka zauna da ita tsawon haka, ga ɗan tarihinta. Asalinta Landan ne. A ƙarni na 18 baƙar giyar da ake kira fota ta mamaye birnin, kuma manyan masu dafa ta suna yin mai ƙarfi don fitarwa waje, har da ƙasashen Tekun Baltik. Masana'antar Anchor da ke unguwar Southwark, ta Henry Thrale, ta yi suna wajen aika wa Rasha a zamanin Sarauniya Katarina ta Biyu, wadda ta yi mulki daga 1762 zuwa 1796. Da Thrale ya rasu a 1781 aka sayar da masana'antar ta koma Barclay Perkins, su kuma suka riƙe wannan giya har suka haɗe da kamfanin giya na Courage a 1955. An ci gaba da yin ta da sunan Courage har farkon shekarun 1990. A gefe guda akwai kamfanin A. Le Coq, wanda ya daɗe yana sayen baƙar giya a Landan yana kai wa Rasha, daga baya ya koma dafa tasa a Tartu, cikin Estoniya ta yau, gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya. Za ka ji ana cewa wai an ƙara mata ƙarfi ne don kada ta daskare a jirgi. Labarin yana da daɗi a kunne, amma bai zauna ba: in hunturu ya yi tsanani har haka, mashigin St Petersburg kansa ƙanƙara yake zama, jiragen wancan zamani ba sa shiga. An yi ta da ƙarfi ne domin masu kuɗin can irin ta suke so, kuma giya mai ƙarfi da hof mai yawa tana jure doguwar ajiya.

Ta kusa ɓacewa a ƙasar haihuwarta, sai ƙananan masu dafa giya na Amurka suka ɗauke ta daga shekarun 1980, suka ƙara mata hof da gashi da ƙarfi. Shi ya sa yau in an ce imfiriyal, sai an tambaya wace iri. Ta Ingila, kamar ta Samuel Smith mai kashi 7 ko ta Harvey's mai kashi 9, ta fi karkata ga 'ya'yan itace busassu da fata, wani lokaci da ɗan tsami-tsami na tsufa. Ta Amurka, kamar Old Rasputin ta Kalifoniya mai kashi 9, ta fi ɗaci da kaifi. Sai wadda aka kwantar a gangar wuski, hanyar da masana'antar giya ta Goose Island da ke Shikago ta shahara da ita tun shekarun 1990 da giyarta Bourbon County. Dokar Amurka ta ce wuskin burbon, wato wani nau'in wuski na Amurka, sai a sabuwar gangar itacen da Turawa ke kira oak da aka babbake cikinta, don haka gangunan da aka yi amfani da su sau ɗaya suna nan birjik, kowace tana ɗaukar kusan lita 200. Giyar takan yi watanni a ciki, ta tsotso banila da ƙamshin kwakwa daga itacen, ta kwashi ragowar wuski, ta fito da kashi 13 ko 14, wani lokaci fiye. Na baya-bayan nan su ne waɗanda ake loda wa sukarin madara, wanda yis ba ya iya ci, da koko da kirfa da kayan kek iri-iri.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Wanda ke koyo ya fara da wadda ba a ƙara mata komai ba. Ganga da banila da sukarin madara suna iya rufe aibi da yawa, kuma wanda ya fara da su yakan ɗauka zaƙi shi ne inganci. Akwai na ganga masu ban mamaki, ban musa ba, amma sai ka san muryar hatsi da yis su kaɗai kafin ka gane ko gangar ta ƙara wani abu ne ko ta danne.

Lalacewa ta gaske kuwa tana da alamunta, kuma babu ko ɗaya a cikin abin da ka faɗa. Tsami mai kaifi irin na ruwan khal, musamman in kumfa ta yi ta ambaliya da ka buɗe, alama ce ta cewa wasu ƙwayoyin da ba a gayyata ba sun shiga. Warin jiƙaƙƙen kwali ko tsohuwar takarda na nufin iska ta yi mata illa. Ƙamshin man shanu mai santsi a harshe na nufin an raba ta da yis kafin ya gama share bayansa. Ɗanɗanon gishiri-gishiri mai kama da miyar waken soya yana zuwa ne in yis ya mutu ya narke a ciki. Ɗan kaɗan daga wannan na ƙarshe ana yafe wa tsohuwar kwalba, wasu ma suna son sa, amma in ya yi yawa ta wuce lokacinta.

Wannan ya kawo mu ga kwalbarka ta biyu. Imfiriyal tana cikin 'yan giyar da ajiya ke iya gyarawa, saboda barasa mai yawa da gasasshen hatsi suna kare ta. Cikin shekara ɗaya zuwa biyu ɗacin hof yana sauka, kaifin barasa yana kwantawa, ɗan iskar da ta rage a wuyan kwalba tana aiki a hankali ta fito da zabibi da ɓaure. An ce da tsohuwar zuma ake magani, amma ba kowace kwalba ce zuma ba. Wadda aka zuba wa gahawa, banila ko kwakwa, ƙamshin nan shi ke fara gudu cikin watanni, gahawar ma takan juye ta koma warin ɗanyen tattasai. Wadda ta fito daga ganga kuma ta riga ta yi zamanta, mai ita ya sake ta ne a lokacin da ya ga ta kai. Sannan ajiyar tana da sharaɗi: a tsaye, cikin duhu, a wuri mai sanyi da ba ya hawa da sauka, wajen digiri 10 zuwa 13. Zafi yana gaggauta tsufa ta mummunar hanya. In ba ka da irin wannan wuri, firji ya fi kabad mai zafi, sai dai a firji kusan tsayawa take yi, ba ta lalacewa da wuri kuma ba ta nuna sosai. Ka kuma sani ajiya ba ta rage ƙarfin barasa, ɓoye shi kawai take yi.

Shawarata gare ka ita ce kada ka ajiye wannan. Ba ka san yadda take a ƙuruciyarta ba tukuna, to da me za ka gwada in ta tsufa? Sha ta yadda na kwatanta. In ta burge ka, nan gaba ka nemi biyu iri ɗaya, ka sha ɗaya ka rubuta abin da ka ji da kwanan wata, ka ɓoye ɗayar shekara guda.

Abin ci tare da ita ba ya buƙatar dogon bayani. Tana danne duk abu marar ƙarfi. Cuku mai gishiri da ƙarfin wari, musamman mai shuɗin jijiya, yana tafiya da ita ƙwarai, domin gishiri yana rage jin ɗaci ya fito da zaƙi. Baƙin cakulan ma haka, in bai fi ta zaƙi ba. Abu mai yaji sosai kuwa ka nisanta shi, zafi biyu ne za su haɗu a jijiya ɗaya. Kada dai ka sha ta da yunwa, bayan abinci ne wurinta.

Saura lissafi, wanda kauri da zaƙinta ke sa mutane mantawa. Kwalba mai mililita 330 a kashi 11 tana ɗauke da barasa zalla kusan mililita 36, wato wajen giram 29. Irin wannan kwalba ta giya mai kashi 5 giram 13 ce. Ke nan ɗaya taka ta fi biyu na waccan. A ma'aunin hukumomin lafiya na Birtaniya, inda awo ɗaya yake mililita 10 na barasa zalla, kwalbarka awo 3.6 ce, kuma shawararsu tun 2016 ita ce kada a wuce awo 14 a mako. Huɗu irin taka sun riga sun haura. Hanta tana sarrafa kamar awo ɗaya a awa, don haka kwalba guda za ta yi awa uku zuwa huɗu a jikinka, kuma gahawa ko wanka ba sa gaggauta ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa babu adadin barasa da za a ce ba shi da haɗari ga lafiya. Mai tuƙi, mai juna biyu, mai ciwon hanta, mai shan maganin barci ko wani maganin da ba ya jituwa da barasa, da wanda ya san in ya fara ba ya iya tsayawa, wannan ba tasu ba ce. Wanda ba ya sha kuma, bayanin nan ba gayyata ba ne.

Manyan kwalabe masu mililita 650 ko 750 da ake yawan zuba irin ta ganga a ciki ba na mutum ɗaya ba ne. Mai 750 a kashi 13 daidai take da cikakkiyar kwalbar giyar inabi, ta mutum uku ce ko huɗu. Ko ƙaramar taka ma, in akwai wanda za ku raba, mililita 165 kowanne ya isa a bi ta daga sanyi zuwa ɗumi, kuma za ka ji abin da hancinsa ya kamo wanda naka ya tsallake.